Yadda Za Ka Ƙirga Bulonka Kafin Gini Ya Tsaya a Linta

Duk wanda ya zaga Wuro Hausa da yamma, ko ya leƙa sababbin unguwannin da ke tsakanin Yola da Jimeta, ya san irin gidajen da nake nufi. An ɗora bulo har linta, sai aka tsaya cak. Ciyawa ta fito a falo, akuya ta zaɓi ɗakin uwargida ta haihu a ciki, ƙadangaru kuma sun raba sauran ɗakunan ba tare da an je gaban alƙali ba. In ka tambayi mai ginin, sai ya ja dogon numfashi ya ce maƙiya ne suka sa masa hannu. Na sha zama da irin waɗannan bayin Allah muna bin lissafi daki-daki, kuma maƙiyin da muke kamawa a ƙarshe kalma ce guda ɗaya: "kusan".

Ga yadda take shigowa. Mai gida zai ce, "Malam, bulo nawa ɗakin nan zai ci?" Sai magini ya ɗaga kai sama kamar mai duban watan Sallah, ya shafa gemu, ya ce, "Alhaji, kusan ɗari uku. In Allah Ya yarda ma za a yi ragowa." Kada ka yi saurin kiransa maƙaryaci. Ya san in ya faɗi adadin gaskiya, Alhaji zai ce a bari sai bayan Sallah, shi kuwa yau yake neman na cefane.

To, kafin ka sayi bulo ko ɗaya, sayi tef na awo, da littafi irin na 'yan firamare, da biro. Tsawon bulo inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, ko mai inci 9 ne ko mai inci 6. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, zagayensa ƙafa 48 ke nan. Raba 48 da ɗaya da rabi, ka samu bulo 32 a kowane layi. Daga daɓe zuwa inda katakon rufi zai zauna, ka ɗauki layi 13: bulo 416. Saura waɗanda ƙasa za ta haɗiye, su ne mutane suka fi mantawa da su domin ba a ganinsu ranar tarewa. Layi huɗu a tushe, bulo 128. Jimilla 544. Ka ga inda "kusan ɗari uku" ta kai mu. Wanda ya fi sabawa da mita, ya riƙe bulo 10 a kowane murabba'in mita, hanyar ɗaya ce.

Za ka ce ai ƙofa da taga ba sa cin bulo. Gaskiyarka, za su rage maka kamar talatin. Amma ka bar su a cikin lissafin. Bulo yana fashewa wajen lodi, yana fashewa wajen saukewa, yana fashewa in an zo raba shi biyu a kusurwa. Ga kuma maƙwabci da zai aiko yaro aron guda shida za a ɗora tukunyar suna, kuma tun da aka kafa Yola a 1841 ban ji labarin bulon aro da ya dawo gida ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne bangon tsakiya: in ɗakuna biyu sun haɗa bango, sau ɗaya ake ƙirga shi. Bulo takwas ne a kowane layi, kuma in aka ƙirga sau biyu, sama da ɗari ka biya wa iska.

Sai katanga, wadda ake rainawa. "Bari mu ɗan kewaye filin tukuna," in ji mai gida, kamar zai sayi goro. Fili mai ƙafa 50 da 100 zagayensa ƙafa 300 ne, bulo 200 a layi guda. Layi goma, bulo 2,000. Wannan 'yar kewayewa ta kusa cinye bulon ɗakuna huɗu, kuma har yanzu ba ka da inda za ka fake wa ruwan sama.

Yanzu siminti, sarkin kayan aiki, mai saurin ɓacewa. Ko na Ashaka ne da ke zuwa mana daga jihar Gombe, ko Dangote, ko BUA, buhu kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu. Kwaɓin ɗora bulo shi ne kwano ɗaya na siminti, shida na yashi. Ke nan buhu guda yana son kwano 12 na yashi, misalin baro uku, ya ɗora maka bulo mai inci 9 kamar hamsin. Ɗakinmu na ɗazu zai ci buhu 11. Ɗorawa kawai fa. Kankaren tushe da lissafinsa, linta da rodinta da tsakuwarta, filasta ciki da waje, daɓe, kowanne ka ba shi shafinsa a littafi. Wanda ya cusa su a shafi ɗaya, ranar filasta zai fara neman mai sayen babur ɗinsa.

Siminti kuma yana da ƙafa. Da la'asar sai ka ga buhu ya gaji da zama ya bi wani gida. Maganinsa mai sauƙi ne: kowace yamma a jera maka buhunan da aka zazzage, ka ƙirga, ka ƙirga bulon da aka ɗora a ranar. In an buɗe buhu huɗu kuma bulo ɗari kacal aka ɗora, akwai magana. Ka yi ta cikin mutunci, ba a gaban yara ba. Sannan kai ma ka riƙa biyan leburori haƙƙinsu kafin guminsu ya bushe, domin mutumin da ya wuni yana ɗaukar bulo a ranar Yola ya cancanci kuɗinsa a hannu, kuma wanda aka biya a kan lokaci ya fi kula da kayanka. Kada kuma ka jibge siminti tun watanni kafin aiki don gudun tashin farashi. In ya sha danshi, dutse ka saya da kuɗin siminti. Ɗora shi a kan katako, nesa da bango.

Duk wannan ƙirga ba ta da amfani in bulon na biskit ne. Buhu ɗaya ya kamata ya fitar da bulo mai inci 9 tsakanin 25 zuwa 30. Akwai masu matsa shi har ya haifi arba'in da wani abu, su ce albarka ce. Je wurin buga bulon da kanka. Ɗauki guda, ɗaga shi zuwa ƙugu, sake shi. In ya zama garin kunu, yi wa mai shi sallama cikin ladabi ka wuce. Tambayi kuma ranar da aka buga shi, domin bulo yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, kwaɓi yana bushewa tun magini bai gama gaisawa ba. Saboda haka ruwa ma kayan gini ne. Sa kuɗin 'yan garuwa a littafi, kusancinmu da Binuwai bai taɓa sa sun yi kyauta ba.

Game da yashi, ka sani "tifa" suna ne na mota, ba mudu ba ne. Wata tifar tana ɗaukar ninkin wata. Auna akwatinta, tsawo da faɗi da zurfi, kafin ku yi ciniki, kuma ka tsaya a wurin lokacin juyewa. Sayi yashinka da rani sa'ad da kogi ya ja baya. In ka bari sai Agusta da Satumba ruwa ya rufe wurin ɗiba, direba zai gaya maka farashi yana kallon gefe. Damƙi yashin a hannu: in ya dunƙule ya ɓata maka tafi, laka ta yi yawa.

Aikin dutse kuwa mu mutanen Adamawa ba baƙinsa ba ne. A Sukur, can ƙaramar hukumar Madagali, an jera duwatsu an yi katangun fadar Hidi, wato sarkinsu, da hanyoyin hawa tsauni ba da ko cokali ɗaya na siminti ba, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Sai dai masu ginin Sukur suna da haƙurin zaɓar wa kowane dutse mazauninsa, namu maginin kuwa in rami ya ba shi wahala sai ya cika shi da kwaɓinka. Shi ya sa dutse ba a ƙirga shi ɗai-ɗai. Tsawo ake ninkawa da tsayi da kauri. Bango mai mita 10 tsawo, mita ɗaya tsayi, rabin mita kauri, curinsa kubik mita biyar ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu wajen saye, domin dutsen da ke cikin tifa da iska a tsakaninsa kuma ba duka ne zai zauna ba. Kwaɓi zai cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na bangon, wato buhu takwas ko fiye, alhali da bulo za ka yi wannan tsawon da tsayin, buhu biyu sun isa. Dutse yana da tsada, amma wanda filinsa ke kwari, wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2012 da 2022 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya san dalilin ɗaga tushe da shi. Haka wanda filinsa ke kan baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsage da rani. Irin wannan wuri kada ka yi rowar tushe, kuma ka kira injiniya ya gani da idonsa.

In ka gama haɗa shafukan, ƙara kashi goma cikin ɗari a kan jimillar, ka kai littafin wurin masanin ƙididdigar gini ya duba maka. Kuɗin da zai karɓa bai kai na bango ɗaya da za a rushe ba. In kuɗin hannunka ba su kai rufin ɗakuna huɗu ba, gina biyu ka rufa su, iyali su shiga. Don Allah, ɗan'uwa, gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi, ɗauki tef ɗinka da littafinka ka tafi filin, ka auna da hannunka.