Jama'ar da Iskar Lanzarote Ke Jira

Duk watan Mayu, tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya, can cikin Tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko, yakan cika da mutane masu siraran ƙwauri da ƙonannen hanci. Gasar Ironman ce ke tara su, wadda ake yi a wurin tun 1992: iyo kilomita 3.8 a teku, keke kilomita 180, sannan a jingine keken a yi gudun kilomita 42.2, duka cikin awa 17. Kuɗi kuma suke biya a bar su su yi. Hawan da ke hanyar keken, in aka tara shi, ya haura mita 2,000, ga iskar arewa maso gabas da ba ta san hutu ba. Kowa da irin shirin da yake wa wannan azaba, kuma a shirin ake gane hali.

Wanda ido ke fara faɗawa a kansa shi ne Attajirin Keke. Kuɗin kekensa ya sayi ƙaramar mota. Ya ɗora kowane ƙusa a sikeli, ya biya maƙudan kuɗi don a rage wa keken giram ɗari biyu, amma tumbin da ya zo da shi daga gida yana nan daram, ba wanda ya isa ya yi maganarsa. Ya sa wa keken ƙafafu masu faɗin baki saboda an ce suna yanka iska. Gaskiya ne, in iskar daga gaba take. Ta Lanzarote kuwa sau da yawa ta gefe take zuwa, ta kama faɗin nan ta yi ta wasa da shi. Za ka gan shi a gangaren Mirador del Río ya damƙe birki biyu, yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Sai Ɗan Shimfiɗa, mutumin Holan ko Danmak, wanda tudu mafi tsawo a garinsu gada ce. Duk lokacin sanyi ya yi shi a ɗaki, keke kafe a kan na'ura, fanka a gaba, manhajar Zwift tana nuna masa duwatsu a allo. Ya hau su duka, ya jiƙa tawul da gumi, amma bai taɓa gangarowa daga ko ɗaya ba, domin a allo ba a faɗuwa. Ranar da ya ga kwanonin da ke saman Haría, suna nannaɗe da juna, sai ya gane sauka ma karatu ce. Wannan ina tausaya masa. Wanda ba na tausaya wa shi ne ɗan'uwansa da makaniki ya ce wa, "Maigida, a sa maka giya mai sauƙi," ya ce wannan ta tsofaffi ce. Bayan kilomita ɗari shi ke tura keke da hannu, tsofaffin suna wuce shi suna yi masa sannu.

Malam Lissafi kuwa, in ka ce masa "Ina kwana?" sai ya duba agogo tukuna, don agogon ne ya san ko ya yi barci. Ya san bugun zuciyarsa, ya san ƙarfin da ƙafarsa ke zubawa a feda, yana da manhajojin hasashen yanayi har biyar, kuma kullum yana fushi da huɗu daga ciki. Babban abin da ke hana shi sukuni shi ne kalima, wato hazon Sahara da kan taso wa tsibiran Kanari da zafi da ƙura, ɗan'uwan wanda ke rufe mu da hunturu. Ranar gasa, in batirin na'urar ya mutu, sai ya rasa ko ya gaji ko bai gaji ba.

Akwai mai tsoron ruwa, wanda ya koyi iyo a kududdufin wanka mai baƙin layi a ƙasa. Teku ba ta da layi. Shi yakan ƙara wa kansa rabin kilomita kyauta, ya nufi Maroko, sai masu kwalekwale sun juyo da shi, alhali awa 2 da minti 20 kawai aka ba shi.

Akwai kuma Sarkin Ciki. Wata shida yana gwada ruwan sukari da ƙwayar gishiri, ya rubuta abin da zai haɗiya kowane minti ashirin ya manna a keke. Ana gobe gasa sai wani ya ba shi sabon haɗi, ya ce shi zakaru ke sha. Ya karɓa. Kafin magariba babu banɗakin da bai sani ba a bakin tekun Puerto del Carmen.

Amma wanda na fi so in kalla shi ne Zakin Safiya. Yana fitowa daga ruwa sai ya ɗauka an gama da wuya. Ya shiga hanyar Timanfaya, inda aman wutar 1730 zuwa 1736 ya bar baƙin dutse iya ganinka, babu itacen da zai tare maka iska, babu inuwa. Doka ta hana ka laɓe a bayan wani, dole ka bar tazara ko ka wuce. Shi wucewa ya zaɓa. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya miƙe tsaye a kan feda, raƙuman da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a wurin suna kallonsa suna tuƙa. Ya manta cewa ƙafar da yake kashewa a nan ita ce za ta yi masa gudun yamma. Da la'asar Zaki ya koma tafiyar mai neman abin da ya yar, hannu a ƙugu, yana roƙon ƙanƙara. A lokacin ne wata dattijuwa mai tsohon keke, wadda duk mako ba a ji muryarta ba, ta ci abincin da ta saba ci, ta hau kowane tudu a zaune, za ta zo ta wuce shi da ɗan gudunta na sassarfa. Ita ba ta da laƙabi, don ba ta ba kowa abin faɗa ba.

Duk waɗannan, in sun kai ƙarshe, abu ɗaya suke zama: Tsohon Hannu. Rigar kammala gasa ba ta barin jikinsa, wani har ya zana tambarin a ƙwauri. Kowace magana tasa da "shekarar da na yi" take farawa, kuma iskar shekarar tana ƙara ƙarfi duk lokacin da ya ba da labarin. Idan Allah ya haɗa ku kujera a jirgi, kada ka kuskura ka tambaye shi ma'anar rigar, domin daga Lanzarote zuwa Landan tafiyar wajen awa huɗu ce.