Kaka, Bar wa Yara Farar Rigarsu

Kaka, gaisuwa irin ta jika, wadda ba a cika durƙusa mata ba. Labari ya iso ni cewa ka kafa kotu a ƙofar gida kana yanke wa Faransawa hukunci. Wai farar rigar da ake ba matashin da ya fi tsararrakinsa a tseren keke na Tour de France ba ta da wani amfani, a soke ta. Wai abin lallashi ce kawai don kada yaro ya yi kuka. In ya isa, ya ƙwaci rawayar rigar zakara; in bai isa ba, ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Matata da kake riƙe mini ita aro ce ta tsegunta mini, ta ce tun watan Yuli kake wannan huɗuba, har masu zama majalisar sun fara sulalewa da zarar ka gyara murya.

To, tsoho, gyara zama. Tun da ka ƙi sa tabarau ka karanta ƙa'idar, bari in karanto maka.

Tseren nan mako uku ake yi ana fafatawa, zango 21, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, a ratsa duwatsun Alps da na Pyrenees. Kullum ana rubuta lokacin da kowa ya ɓata, ana tarawa. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa rawayar riga. Lissafin farar riga shi ne wannan ɗin dai, sai dai a tsakanin waɗanda ba za su cika shekara 26 a shekarar tseren ba. Ba a sauƙaƙa wa yaro hanya, ba a rage masa ko taku ɗaya na hawan dutse. Ruwan da ya doki manya shi ya doke shi, ranar da ta gasa su ita ta gasa shi. Ina lallashin yake a nan?

A 1975 aka fara ba matasa rigar, kuma Francesco Moser na Italiya ne ya fara tafiya da ita. Na san ba ka son a ambaci shekarar, domin a cikinta ne Bernard Thévenet ya kayar da gwaninka Eddy Merckx. Abin dariyar shi ne a ƙungiyar Peugeot Thévenet yake, kamfanin da ya ƙera keken nan naka da ke jingine a zaure ba kaca, ba birki, kaji na kwana a kan kariyarsa. Shawararka kuma ba sabuwa ba ce. Daga 1989 zuwa 1999 masu shirya tseren sun ajiye rigar, suna lissafin matasa a takarda amma ba a sa wa kowa komai. A 2000 suka dawo da ita. Italiyawa ma sun ajiye tasu a tseren Giro, suka ɗauko ta a 2007. Mutanen Sifaniya suka bi sahu a tseren Vuelta a 2019. Manyan tsere uku na duniya sun yi ittifaki, saura majalisar ƙofar gidanmu.

Ga abin da ba ka hangowa daga kan tabarma. Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa, jagora ɗaya, sauran masu yi masa hidima. Yaron da ya shigo sabo, aikinsa sananne ne. Zai rage gudu ya koma can baya wurin motar ƙungiya, a miƙo masa gorunan ruwa ta taga, ya cusa a aljihu, ya cusa a wuyan riga har bayansa ya yi doro, sannan ya taka feda ya ratsa mutum sama da ɗari ya raba wa yayyensa. Iska ta taso, shi zai shiga gaba ya tare wa jagora. Tayar jagora ta yi faci a wurin da mota ba ta kusa, shi zai sauka ya miƙa tasa, ya tsaya bakin hanya yana kallon ƙurar mutane. In ya gama ƙona ƙarfinsa a gindin dutse, sai ya lallaɓa ya ƙarasa, mintoci na zuba, ba wanda ya damu. Yaro zai iya shekara da shekaru a haka ba a san abin da ke cikin ƙafarsa ba.

Farar riga ita ke sa mai horarwa ya canza magana. Da zarar ya ga yaronsa na kusa da ita, sai ya ce masa: yau ba kai za ka ɗauko ruwa ba, ka manne wa manya, kada ka bari su ɓace maka. Daga nan yaro ya shiga makarantar da ba a koyar da ita a tseren kwana ɗaya: yadda ake cin abinci a kan sirdi tun kafin yunwa ta zo, yadda ake tattalin ƙarfi, yadda ake zama a gaba ranar da iska ke yanka tawaga gida-gida, da yadda ake tashi a mako na uku jiki duk ya yi tsami a sake hawa. Kowace yamma kuma a kira shi kan dandamali, a sa masa riga a gaban kyamarorin duniya, sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarsa na ƙirjinsa. Kuɗin kyautar ba wani abin a zo a gani ba ne, Yuro 20,000 a inda mai rawaya ke kwashe 500,000. Sunan da ya yi shi ne jarin, shi zai ɗora a tebur ranar sabunta kwantiragi.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kai ka koya mini wannan. Greg LeMond na Amurka ya ci ajin matasa a 1984, ya ci tseren dungurungum a 1986. Marco Pantani ya zama zakaran matasa a 1994 da 1995, ya ɗauki rawaya a 1998. Jan Ullrich na Jamus ya fara da matasa a 1996, shekara na zagayowa ya haɗa duka biyun. Laurent Fignon a 1983 da Alberto Contador a 2007 su ma a tashi ɗaya suka kwashe. Na san za ka ce ina Thibaut Pinot da Faransawa suka ɗora wa buri bayan 2014, ina Nairo Quintana na Kolombiya da ya ci farar sau biyu bai taɓa cin Tour ba? Gaskiyarka. Rigar ba laya ba ce. Amma Quintana ya ci Giro a 2014, ya ci Vuelta a 2016, ka ga ashe idon da ya hango shi bai yi ƙarya ba.

Wuri ɗaya ne maganarka ta yi nauyi, kuma zan ba ka shi kada a ce na danne hakkin tsoho. Yaran yanzu ba sa jiran layi. Egan Bernal ya ci Tour a 2019 yana da shekara 22. Tadej Pogacar na Sloveniya ya ci a 2020 ana gobe zai cika 22, ya haɗa rawaya da fara da mai ɗigo-ɗigon ja ta gwanin hawan dutse. Ya riƙe farar shekara huɗu a jere, har 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi. Da yake mutum ba ya sa riga biyu a lokaci ɗaya, ranakun da yake cikin rawaya sai a ba na biyu farar ya sa aro, yana yawo da kayan da ba nasa ba. A irin waɗannan shekaru, na yarda, gasar matasa ta zama inuwar babbar gasa.

Sai dai maganin wannan a rage shekarun ne. A tseren mata na Faransa, wanda aka fara a 2022, 'yan ƙasa da 23 ake ba farar riga. In aka yi wa maza haka, rigar za ta koma hannun masu tasowa na gaskiya, waɗanda ba a gama sanin sunansu ba. Ko a yadda take ɗin ma, da Pogacar ya tsufa mata sai ta farfaɗo. Remco Evenepoel na Beljiyam ya ɗauke ta a 2024, a zuwansa na farko, ya ƙare na uku. A 2025, lokacin da maganar rawaya ta riga ta kwanta, abin da ya hana 'yan kallo gyangyaɗi a duwatsun ƙarshe shi ne Florian Lipowitz na Jamus da Oscar Onley na Birtaniya, suna kokawar farar riga da matsayi na uku, tazarar daƙiƙu ƙalilan a tsakaninsu. Kai kam ka yi gyangyaɗin, an gaya mini, rediyo na kan ciki.

Ga labarin da zai sanyaya maka rai. A Giro na 2025, Isaac del Toro na Meziko, ɗan shekara 21, ya riƙe rigar jagora kwana da kwanaki, kowa ya ce an gama. Ana gobe za a rufe tsere, a hawan dutsen Finestre, Simon Yates mai shekara 32 ya tsere musu ya ƙwace. Del Toro ya koma gida da matsayi na biyu da farar riga. Na san za ka buga sanda a ƙasa ka ce da tsohuwar zuma ake magani. To, wannan zumar a ina ta tsufa? Simon Yates shi ne mai farar rigar Tour a 2017, tagwayensa Adam shi ya ci a 2016. Dattijon da kake taƙama da shi ɗalibin makarantar da kake so a rushe ne.

Mu bar kewaye-kewaye, Kaka. Kishi ne ke damunka. An ware wa yara riga, ba a ware wa tsofaffi ba. Ka manta Merckx ɗinka shekararsa 24 da ya ci Tour na farko a 1969, Bernard Hinault kuma 23 a 1978. Gwanayen naka duk yara ne lokacin da ka fara yi musu kirari. Mafi tsufan da ya taɓa cin Tour shi ne Firmin Lambot, a 1922, yana da shekara 36, kai kuwa ka ninka wannan har ka yi canji. Chris Horner ya ci Vuelta a 2013 yana da 41, shi kaɗai ne ɗan abin da za ka riƙe, shi ma a gabanka ɗan cikinka ne. Kada ka ce an manta da ku kwata-kwata: kamfanin Krys da ya sa sunansa a farar rigar, tabarau yake sayarwa. Yara na tsere, ku ake yi wa talla.

Ga sulhun da na kawo. Ka bar wa yara rigarsu, ni kuma zan rubuta wa Faransawa su buɗe ajin 'yan sama da saba'in, zango ɗaya tak, daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a, an yarda a sauka a tura, an yarda a tsaya gaisawa. Ba sai sun ɗinka sabuwar riga ba, farar babbar rigarka ta Sallah ta wadatar, in dai ka naɗe hannun kada ya shiga taya. Ni zan zama ɗan hidimarka, in riƙe maka buta da goro, in tare maka iska. Ladan aikina kuwa Peugeot ɗin nan ne, ka sa hannu tun yanzu a gaban shaidu, kafin kaji su kai ƙara cewa gidansu ne.