Bazazzagi Ya Buɗe Makarantar Agwagi

Bawana Bazazzagi, labari ya iske ni a kasuwar Kwanar Dangora, wai tun da muka ba ka aron fili a gefen Tiga ka sayo agwagi, ka rantse sai ka koya musu tarbiyya. An ce kullum da hantsi kana tsakar gida da tsumagiya, kana jera su sahu, toron yana huci yana kaɗa maka wutsiya. Wane ne malamin a cikinku?

Ban ga laifinka ba. Mutumin da aka haifa kusa da Samaru gani yake komai sai an shiga aji. Masananku na Shika sun fitar da kazar Shika Brown, mun yaba, amma ita agwagwa ba ta karanta takardarsu ba. Ka kafa gida a bakin dam ɗin da gwamnatin Audu Bako ta gina, aka gama a 1974, ruwa iya ganinka, sannan ka ce agwagwa ta tsaya a kaskon da ka ajiye mata? Haba!

Matso in faɗa maka kyauta, ko da yake ka san Bakano bai saba ba. Cikinta ake kamawa. Sabuwar zuwa a kulle ta a akurki kamar mako biyu, ta san ɗakinta. In an sake ta, kada a cika mata ciki da safe. A bar dusa da tsaki sai dab da magariba, wuri ɗaya, kira iri ɗaya, kullum. Da ƙafarta za ta dawo, tana rangaji, 'ya'ya na biye. Mai tashi sama a rage mata gashin fiffike ɗaya. Ƙananan kuma a tsare su daga shirwa.

Sai batun ƙwai. An ce da kwana 21 ya cika ka tsuguna bakin akurki kana zargin uwar da lalaci. Wannan lissafin kaza ne, malam. Agwagwa sai ta kwana 35.

Ka yi sauri ka gyara kafin ɗalibanka su faɗa shinkafar maƙwabta, don manoman Tudun Wada ba su san wasan Kano da Zazzau ba in an taɓa musu gona. In kuma abin ya gagara, miƙa wa uwargida ragamar, ka aiko min da toron nan. Kuɗin makaranta ke nan.