Langa a Abu Na'ama

Da ƙafa biyu kakannin Hausawan Abu Na'ama da Mai Wurno suka tako har bakin Nilu, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a hanyar hajji. Abin kunya ne jikokinsu su kasa ƙetare fili da ƙafa ɗaya. Langa ba ta cin ko sisi: yaro ya naɗe ƙafa ta baya, ya riƙe yatsanta, ya yi ta tsalle yana ture abokan gaba har ɗan wasan da ake kira ruwa ya sha. Iyaye mata na kukan yagewar jallabiya. Gaskiyarsu, amma zare ya fi katin waya araha. Masu tsoron karaya kuwa, ai ba daga raƙumi yaro zai faɗo ba. Iyaye, ku saki yara bayan la'asar.