Gyaɗa Tan Ashirin Saboda Shirin Talabijin

Idan ana maganar masu naci, a sara wa 'yan kallon shirye-shiryen ƙagen kimiyya na Amurka. Mutum yana zaune lafiya da matarsa da aikinsa, amma a taɓa masa jirgin sama jannatin da babu shi a duniya, sai ka ga ya tada jijiyar wuya.

Tun 1968 suka fara. Da aka ji ƙishin-ƙishin tashar NBC za ta soke shirin Star Trek, wasiƙu suka yi ta kwarara har tashar ta ƙara zango na uku, sannan ta rufe shi a 1969. Masoyan shirin Roswell kuwa kwalaben yajin Tabasco suka aika wa tashar WB, wai shi ne abin marmarin baƙin halittun da ke shirin.

Amma masoyan shirin Jericho sun fi kowa. A 2007 tashar CBS ta dakatar da shirin, su kuma suka shiga yi mata odar gyaɗa, kwali kan kwali, har kimanin tan 20. Ka ƙiyasta masinja a bakin ƙofa yana sa hannu a takarda, bayansa an fara dalar gyaɗa irin ta Kano, alhali ba mai ƙuli-ƙuli ko ɗaya a unguwar. Shugabar sashen nishaɗi na CBS a lokacin, Nina Tassler, ta sanar da ƙarin kashi bakwai, ta kuma roƙi a daina aiken, don Allah.

Shirin ya dawo a 2008. Ashe masu sayen gyaɗa sun fi ƙwazo a kan masu kallo, sai CBS ta sake soke shi.