Wasiƙa Zuwa Tarka: Labarin Manoma da Gaggafa

Greensboro, Amurka
Safar 1447, Agusta 2025

Zuwa ga taubashina, ɗan Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, da fatan alheri irin wanda mutum ke yi wa ɗan'uwansa ko da yana bin sa bashi, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Kawu da Inna, da ta dukan mutanen unguwa manya da yara. Ina kuma tambayar labarin damina, ko gero ya yi bununi a gonakin Tarka, ko kuwa har yanzu kana kwance a gindin aduwa kana jiran gonar ta nome kanta. Mu a nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Amma ba'adu, saƙonka na murya ya iso, kuma na saurare shi a gaban jama'a, inda ka ce labari ya same ku a Belbeji wai na bar kokowar iyaye da kakanni na koma bin wasan 'yan makaranta a garin nan da ka laƙaba wa suna Garin Sabro. Tun da ka tayar da mas'ala, ya zama wajibi a warware maka ita daki-daki, don jahilci idan ya kama taubashi, a kan danginsa nauyin magani yake.

Ka sani, Allah ya ƙara maka fahimta, cewa abin da mutanen ƙasar nan ke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne wanda Mena ke bugawa a Yamai ba, don kuwa da hannu ake ɗaukarsa, ƙafa ba ta taɓa shi sai jefi-jefi, shi kansa ƙwallon kuma ya fi kama da ƙwallon aduwa da aka hura har ya kai girman ƙaramar kankana, tsini nan tsini can. Ƙarti goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da kwalkwali a ka da lifidi a kafaɗa, tamkar dakarun Sarkin Damagaram ranar hawan salla, sai dai su ba su bukatar dawaki, da yake kowanensu ingarma ne da kansa. Ana ba masu ƙwallo dama huɗu su ci yadi goma na fili. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa su miƙa wa abokan gaba, wanda kuwa ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki 6. A lissafi sa'a guda ce, kashi huɗu na minti 15, amma yakan cinye sa'a uku ko fiye, saboda duk bayan kaye ɗaya sai a tashi a karkaɗe jiki, a haɗa kawuna ana shawara ƙasa-ƙasa kamar dillalan raƙuma a kasuwar Tanut. Da kai aka sa a ciki, na tabbata a wurin shawarar nan kaɗai za ka yi suna. To, ka ga kenan ban bar kokowa ba: a wurinmu kaye ɗaya ke raba gardama, a nan kuwa sai ka ga kaye fiye da ɗari a yammaci guda.

Makarantar da nake bi, wadda ɗiyarka ke karatun injiniya a cikinta, ita ce jami'ar noma da fasaha ta jihar Karolina ta Arewa, da ake taƙaita sunanta A&T. An kafa ta a 1891 domin baƙar fata, a zamanin da ba a yarda su zauna aji ɗaya da farare ba, kuma ɗalibanta huɗu ne suka zauna a kujerun cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960, suka ƙi tashi, al'amarin da ya girgiza dokar wariya a kudancin ƙasar nan baki ɗaya. Jesse Jackson ma, wanda ya nemi shugabancin Amurka, a nan ya yi karatu, ya kuma buga wannan wasa. Laƙabin 'yan wasanta Aggies, ma'anarsa Manoma. Yanzu don Allah ka gaya mini, mutumin Damargu, wanda aka yaye da kunun gero, aka yi masa kaciya da kaka, ya zo ƙasar da ba ya da kowa ya tarar da rundunar da ake kira Manoma, sanye da shuɗi irin na rini da rawaya irin ta zangarniyar da ta nuna, wa kake so ya bi? Na san za ka ji cewa alamarsu kare ce mai faɗin muƙamuƙi, ka tafi da maganar majalisa kana dariya; kafin ka tafi, ka biya wurin liman ya karanta maka cewa shari'a ta yi rangwame ga karen da ke tsaron gona da na kiwo.

Abokan hamayyarmu suna Durham, tafiyar da ba ta kai nisan Tanut zuwa Damagaram ba, a wata jami'ar baƙar fata da aka buɗe a 1910, North Carolina Central, su kuma laƙabinsu Gaggafa. Kimanin shekara ɗari kenan ana gwabzawa tsakanin gidajen nan biyu, har ya zama a wurin mutanen nan, wanda ya ci wasanni goma ya faɗi a wannan ɗaya bai yi shekara ba.

Da na zo da wannan labari shekara shida da suka wuce, da bakina bai rufu ba. Manoma sun ɗauki kofin Celebration Bowl, wanda ake bugawa a Atlanta tsakanin zakarun jami'o'in baƙar fata, sau huɗu cikin shekara biyar: 2015, 2017, 2018 da 2019. A 2017, ƙarƙashin mai horarwa Rod Broadway, wasa 12 suka yi, 12 suka ci. Sun fige Gaggafa da 45 da babu a 2018, suka ƙara da 54 da babu a 2019. A farkon zamanin nan suna da wani ɗan gajeren yaro mai gudun barewa, Tarik Cohen, wanda daga baya ya buga wa Chicago, kuma duk sa'ad da aka ambaci sunansa sai in ji kamar garinmu ake kira. Sa'an nan sai fari ya zo. Gaggafa suka ɗauki kofin nan a 2022, suka kuma doke mu shekara uku a jere, ta ƙarshe a bara da 66 da 24, ranar da na komo gida ban iya cin tuwo ba. A 2023 wasa ɗaya tak muka ci, a 2024 ma ɗaya tak.

A kan sababin wannan musiba malaman fadarmu, wato inda 'yan Nijar ke haɗuwa shan shayi daren Asabar, sun kasu mazhaba uku, kuma muhawarar takan kai har a wanke butar shayi ta uku. Mazhaba ta farko, wadda limaminta wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, maƙwabcina, tsohon ɗalibin makarantar da ya fara kai ni fili, tana cewa asalin ciwo shi ne hijirar da aka yi a 2021 daga ƙungiyar MEAC, inda ake karawa da 'yan'uwa, zuwa Big South, daga nan kuma zuwa CAA, inda ake karawa da baƙi masu nisa waɗanda ba a haɗa tarihi da su ba, aka kuma rasa hanyar zuwa Atlanta. Ta biyu ta ɗora laifi a kan sauyin masu horarwa. Ta uku, wadda samari suka fi bi, tana kafa hujja da sabuwar ƙa'idar da ta sauƙaƙa wa ɗan wasa ƙaura daga makaranta zuwa makaranta, ta kuma halatta masa karɓar kuɗi da sunansa, ta yadda da zarar yaro ya yi fice sai manyan jami'o'i masu dukiya su ɗauke shi, kamar yadda 'yan kasuwa ke saye gero tun yana tsaye a gona. Ni a nawa ra'ayi dattijo ya fi kusa da gaskiya, domin na ga yadda fili ke cika ya batse ranar da Gaggafa suka zo, na kuma ga yadda yake ranar da aka zo daga wani gari da ba wanda ya san hanyarsa, kuma ɗan kokowa ba ya yin ƙarfi in babu makaɗinsa da mutanen garinsu a bayansa.

Abin da ya sa zuciyata ta yi sanyi bana shi ne sabon mai horarwa da aka naɗa a ƙarshen bara, Shawn Gibbs, wanda ya daɗe yana hidima a makarantar a zamanin yalwa, kuma a hannunsa Tarik ya goge. Wani abokin aikina, mutumin Gaggafa ne na gidi, wanda tun bara ba ya gaishe ni sai ya fara da "sittin da shida", yana yi mini gori cewa ai Gibbs ɗin ɗansu ne, a Durham ya yi karatu, Broadway ma a can ya fara zama babban mai horarwa; ni kuma na tuna masa cewa nasu mai horarwar, Trei Oliver, shekaru ya yi yana aiki a gonar Manoma kafin ya koma gida. A nan na fahimci haƙiƙanin al'amarin: gidaje biyu ne da suka yi auratayya, kowa ya san rumbun kowa, ba mai iya rabuwa da wani kuma ba mai yarda ya yi shiru ga wani, wato ni da kai kenan, sai dai su suna da filin da ke ɗaukar mutum fiye da dubu ashirin, mu kuwa sai wayar salula.

Ban ce maka za mu ɗauki kofi bana ba, don wanda ya fito daga fari biyu a jere iri yake nema tukuna. Abin da nake sa rai shi ne a ci wasa huɗu ko biyar, a kuma tsayar da Gaggafa in sun zo filinmu a watan Satumba, su koma Durham da fiffike ɗaya. In Allah ya nufa haka, ranar bikin komowar tsofaffin ɗalibai, sa'ad da garin nan ke cika da baƙi da ƙamshin soyayyen kifi, makaɗan makaranta kuma su fito ɗaruruwa da ganguna da ƙahonni suna taku ɗaya har ƙasa na amsawa, zan ɗauko maka hoton ka nuna wa masu cewa wasan yara ne. In kuwa aka sake faɗuwa, kujerata tana nan baɗi, don kai shaida ne Kawu bai taɓa sayar da gonar tudu saboda shekara biyu sun ƙi ba.

Ka gaida Kawu, ka roƙar mana addu'arsa, amma ka gaya masa gaskiya ko ta mece ce, kada ka ce masa jarrabawa ce. Ka gaida Inna, ka ce mata kukar da yajin da ta aiko sun iso, kuma ni da jikarta muka cinye, ba a ba mutumin Gaggafa ko cokali ba. Ka kuma rubuto mini ko akwai wani yaro da ke tasowa a Damargu wanda zai iya tsayawa a filin kokowa gaban Isaka Isaka na Doso, ya kawo wa Damagaram takobi, don wannan ma yana hana ni barci.

Daga ƙarshe, watan shara ya wuce, kuɗin shara kuwa ban gan su ba, kuma teku ba ta kankare bashin taubashi. Ka kai jika guda wurin Inna ta ajiye mini kafin in zo.

Wassalam,
Ɗan gwaggonka.