Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattijon Teburin Haɗa Sauti Na Power Station

Masu gyaran kayan sauti na birnin Niyok suna miƙa kokensu ga dattijo, wato teburin haɗa sauti ƙirar Neve da ke zaune a situdiyon Power Station, kan titi na 53 a Manhatan. Ginin tsohuwar tashar wutar lantarki ce da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti a 1977, saboda haka ba wanda ke mamakin yadda dattijo ke zuƙar wuta.

Aikin dattijo, ranka ya daɗe, sananne ne: muryoyi da kaɗe-kaɗe su shigo ta layuka dabam-dabam, ya daidaita ƙarfin kowanne, ya fitar da su a haɗe, sautin yana ratsa cikinsa a matsayin wutar lantarki ba tare da an mai da shi lambobi irin na kwamfuta ba, wanda shi ne ma'anar analog. Inda gizo ke saƙar shi ne kafasita, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe caji, waɗanda ruwan sinadarin cikinsu ke bushewa saboda zafi da shekaru, har murya ta dushe ko gurnani ya biyo ta. Ga su ɗaruruwa, kowanne sai an narka dalma an cire shi da hannu, dattijo kuwa bai taɓa nuna wanda ke masa ciwo ba. Sandunan ƙara murya kuma, da ƙura ta shige su sai kakari.

Magani ya yi wuya. Unguwar Radio Row ta titin Cortlandt, inda 'yan koli ke kasa kayan rediyo, an rushe ta a 1966 domin gina Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, tun dattijo bai zo duniya ba. Rupert Neve, uban gidan teburan Neve duka, ya rasu a 2021. Wasu sassan sai a jikin 'yan'uwan dattijo da suka riga shi kwanta dama ake ciro su, abin da ba ya daɗin faɗa.

Ba a neman dattijo ya yi murabus, tunda manhajojin kwamfuta ma muryarsa suke kwaikwayo, kuma kwalejin Berklee da ta karɓi gidan a 2017 ta bar shi a kujerarsa. Roƙon kawai shi ne, in ciwon zai tashi, ya tashi da hantsin Litinin, ya daina jiran tsakar dare bayan mawaƙa sun jeru gaban makirfo.